Hannun birkin babur ya karye: wa ya taɓa gyarawa ya riƙe?

Sani Kabu-kabu:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da dare babur ɗina ya zame cikin yashi wajen unguwar Zariya, hannun birkin gaba ya ɓalle gida biyu. Wani ya ce in kai a yi walda, wani ya ce kada in soma. Wanda abin ya taɓa samu ya faɗa mini yadda ya ƙare, don da babur ɗin nan nake ci da iyali.

Ɗan Jiratawa:
Allah ya tsare gaba. Ni na yi waldar. Kwana tara ta yi. Ranar na goma ina ɗauke da buhun albasa zuwa babbar kasuwa, akuya ta gitta, na damƙe birki, sai ga rabin ƙarfen a tafin hannuna, babur bai ko ji ba. Birkin ƙafa ne ya fitar da ni, da ikon Allah. Daidai inda aka liƙe ɗin nan ya sake rabuwa.

Malam Lawali Makaniki:
Sani, ɗana, ba ka faɗi abin da ya fi muhimmanci ba: a ina ya karye? Idan ɗan dunƙulen bakin ne ya tafi, kuma yatsu uku suna samun wurin kamawa, wannan ba komai. Sa magagari ka goge kaifin, ka ci gaba da aiki har ka samu na canji. Wasu kamfanonin ma da gangan suke yin 'yar tsaga kusa da baki don in an faɗi ya karye a nan, sauran ya tsira. Amma ka goge shi sosai, saboda amfanin dunƙulen shi ne kada ƙarfe ya soki mutum ranar faɗuwa.

In kuwa wajen gindi ne, kusa da ramin noti ko inda kan wayar birki ke zama, to jefar da shi. Duk ƙarfin da hannunka ke matsawa nan yake taruwa.

Batun walda kuma, yawancin hannuwan nan alminiyam ne na zubi, kamar dai tukwanen da maƙeranmu ke zubawa. Cikinsa akwai 'yan ƙofofin iska, ba ya lanƙwasuwa da daɗi, tsinkewa yake. Yana narkewa a zafin digiri 660 na Celsius, kuma ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe balle ka san ya kusa. Kana kallo sai ka ga ya zube. Ga wata fata da ke samansa wadda sai zafi ya haura digiri 2000 take narkewa. Shi ya sa injin da ake ƙera ƙofa da taga ba ya yi masa komai, tuwo kawai zai ɗora a sama. Sai injin da ke aiki da iskar argon, shi ma in an yi wurin yakan rage ƙarfi.

Rabi'u Tibiri:
Gaskiyar Malam. Na je wurin mai irin wannan injin, kuɗin da ya yanka mini ya kusa na sabo. Na juya na tafi wurin masu kayan babur.

Malama Hadiza:
Nawa ba karyewa ya yi ba, lanƙwashewa ya yi da yara suka kayar da shi a zaure. Ƙanena ya zura bututu ya ja, wai zai miƙe shi. Ƙas! Nan take. Baba Lawali, da akwai dabara ko dama asara ce?

Malam Lawali Makaniki:
Akwai, 'yata, in lanƙwasar kaɗan ce. A kwance shi, a shafa sabulu, a gasa a hankali har sabulun ya yi baƙi, sannan a miƙe da lallashi. Amma ni hannun kuloci kaɗai nake yi wa haka. Na birki, ko ya miƙe, ban yarda da shi ba, domin tsagar da ke ciki ido ba ya ganinta.

Alhaji na Ɗan Isa:
Ku yaran yanzu ba ku ga zamanin da hannun birki baƙin ƙarfe ne ba. A buga da guduma, a yi walda, a wuce. To wancan daban. Gam mai haɗi biyu kuma kada wanda ya ɓata kuɗinsa, na gwada, ko Madarumfa ban kai ba. Abin da nake yi yanzu, tunda hanyar Jibiya nake bi: hannu guda sabo yana ɗaure ƙarƙashin kujera da ƙyalle. Sannan maƙalar da ke riƙe shi a kan kan babur ba na ɗaure ta tamau, yadda in an faɗi za ta juya maimakon ta fashe.

Sani Kabu-kabu:
Na gode ƙwarai. Malam, na duba, wajen ramin notin ne ya tsage. Da safe na sayo sabo, sai dai na farko da aka ba ni bai zauna ba, ramin bai yi daidai ba, sai da na koma da karyayyen aka gwada. Wanda zai saya ya tafi da tsohon a aljihu. Guntayen kuma yaron maƙwabcinmu ya kwashe, ya ce masu zubin tukwane na saye.