Mu tara, makulli ɗaya: wa zan ba ikon sabar biro?

Baban Nana:
Salamu alaikum 'yan uwa. Muna da biro a unguwar Ali Dan Sofo a Maradi, muna yi wa 'yan kasuwa lissafi da takardun haraji. Mu tara ne. Sabar ɗaya gare mu, wato kwamfutar da kowa ke ajiya a ciki, tsarin Ubuntu 22.04 ke kanta, duk dosiyoyin mutane a ciki suke. Tun da aka kafa ta, da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya kowa ke shiga, kuma sunan nan yana da sudo, wato duk wanda ya zauna zai iya share komai. Kalmar ma a bayan kalanda take a rubuce. To ɗaya daga cikin yaranmu zai bar aiki ƙarshen wata. Ba faɗa muka yi ba, amma yakan shiga daga gida ta SSH, hanyar shiga sabar daga nesa. Wani mai gyara ya ce zai buɗe wa kowa asusunsa, ya raba mu rukuni-rukuni, jika 60. Tambayata biyu ce: kuɗin ya yi daidai? Sannan wa zai riƙe sudo, ni da ban iya ba, ko mai gyaran da ba ma'aikacinmu ba? Don Allah kada a ce in kwashe zuwa intanet, layinmu ba ya ɗauka, kuma takardun mutane ne.

Ɗan Tasha:
Wa alaikumus salam. Zuba komai a Google Drive ka huta, yaya.

Maman Biyu:
Ɗan Tasha, ka karanta har ƙarshe kuwa, ko ka tsaya a sallama?

Sarkin Waya:
Matsalar Ubuntu ce. A sa Windows, kowa ya san hannunta.

Ɗalibi 24:
Windows Server sai ka sayi lasisi, sannan ka ƙara na masu shiga, kan mutum ko kan na'ura. Mi ya kawo wannan? Baba, jika 60 ya yi yawa, aikin rabin awa ne. Kowa a buɗe masa asusu da umarnin adduser. A yi rukunin lissafi da rukunin sakatariya, kowane da jakarsa, a sa mata chmod 2770 don duk takardar da aka ajiye ta zama ta rukunin. Daga nan in wani abu ya faru, umarnin last zai nuna wanda ya shiga da lokacin, fayil ɗin auth.log kuma yana rubuta wanda ya taɓa sudo. Abu ɗaya dai: canza kalmar sirri kaɗai ba zai hana yaron nan shiga ba in ya ajiye makullinsa na SSH a authorized_keys, fayil ɗin masu shiga ba tare da kalma ba. Sai an buɗe an goge layinsa. Mutane da yawa nan suke faɗawa.

Alhaji Mai Aya:
Ɗana Baban Nana, ka saurare ni, don ni na sha wannan ruwan. Ina fataucin aya da wake, ina kai wa ta Dan Issa zuwa Jibiya. Na daɗe da littafi da alƙalami, sai yara suka ce zamani ya wuce nan. Na ɗauko wani yaro, ɗan ƙanwar matata, wayayye ne ba laifi. Ya kafa mana na'ura, ya ba kowa sunansa kamar yadda wannan ɗalibin ke faɗi. Ni ma ya ba ni nawa. Abin da ban sani ba, nawa na kallo ne kawai, babban makullin yana hannunsa, kuma ya rufe faifan gaba ɗaya da wata kalma da ake bugawa in an kunna.

Muka saɓa kan babur. Na saya don aiki, shi ya ɗauka kyauta ce. Ya yi fushi ya tafi arewa wajen gwal, bai ko yi mini sallama ba. Na'ura na ta aiki, ban damu ba. Sati biyu sai kuran ya tafi da tsakar rana, baturi ya ƙare, ta mutu. Da wuta ta dawo muka kunna, sai baƙin allo da layi ɗaya na Turanci, ɗan farin abu yana ƙyaftawa yana jira. Na buga tawa, ta ƙi. Kwantabul ya buga tasa, ta ƙi.

Masu gyara uku na kawo, har da wani daga Katsina. Shi ya gaya mini gaskiya: da ba a rufe faifan ba, minti goma ya isa ya canza kalmar, amma wannan ko wanda ya ƙera ta ba ya buɗewa sai da kalmar. Ni da furfurata na ɗauki goro da sukari na tafi Tibiri wajen uwar yaron ina roƙo. Kwana 19 kafin ya kira. Ya faɗi kalma a waya, na rubuta a bayan rasit, harafi-harafi. Muka buga ta fi sau talatin. Ba ta buɗe ba. Na ce yaron nan wulaƙanta ni yake, na sa aka wanke faifan aka fara sabo.

Bashin shekara huɗu ke ciki. Masu tsoron Allah suka zo da kansu suka biya. Wasu har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a, su gaishe ni da hannu biyu, su wuce. Don haka kada ka ba kowa makulli. Kowa.

Maman Biyu:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji.

Ɗalibi 24:
Alhaji, ka yi haƙuri da tambaya. Bayan tafiyarsa an canza allon bugawa?

Alhaji Mai Aya:
An canza. Na farko daga Kano ya zo da shi, shayi ya zube masa, muka sayi wani nan babbar kasuwa. Mi ya haɗa?

Ɗalibi 24:
Na Najeriya QWERTY ne, namu na Faransanci AZERTY. In na'urar a tsarin farko aka saita ta, kana danna A tana karɓar Q, kana danna Z tana karɓar W, M ma ba wuri ɗaya suke ba. Ba ka gani, don kalmar ba ta fitowa a allo. Ban ce haka ne ba, amma mai yiwuwa kalmar gaskiya ya ba ka.

Alhaji Mai Aya:
Akwai A guda biyu a ciki.

Injiniya Tsoho:
Kai yaro, wannan ba maganar da za ka faɗa wa dattijo a bainar jama'a ba ce, bayan faifai ya riga ya tafi. Mi za ta gyara? Shekara ashirin ina wannan aiki, tun kana rarrafe. Ku 'yan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kun iya karatu, ban musa ba, amma rabin awar nan taku ita ke ciyar da ni. Bara aka kira ni wani biro, wani ɗan sitaj ya buga usermod -G, umarnin canza rukuni, ya manta -a mai ƙarawa ba tare da cirewa ba. Mutum ɗaya ne mai sudo, ya fitar da shi daga duk rukunansa, aka wayi gari ba mai iko da na'urar. Rabin awa ya yi shi ma. Baban Nana, jika 60 ba tsada in har da Samba don kwamfutocin Windows su ga jakunkunan, da hana root, wato babban asusun na'urar, shiga ta SSH, da faifan ajiya na biyu. Ni 85 nake karɓa.

Ɗalibi 24:
Baba Injiniya, da girmanka, amma cikin ukun da suka je wajen Alhaji ba ɗalibi ko ɗaya, kuma ba wanda ya dubi allon bugawa.

Injiniya Tsoho:
Ba na cikinsu.

Ɗan Tasha:
85? Mu jika 15 aka yi mana a Sabon Gari, har da shayi muka ba shi ya gode.

Maman Biyu:
Naku kwamfuta biyu ne da firinta, Ɗan Tasha, na san shagon. Mu a ƙungiyarmu 150 muka biya, amma da faifai sabo da koyar da mutum biyu. Kuma abin da muka yi shi ne: mutum biyu ke da sudo, kowa da sunansa. Babbar kalmar aka rubuta, aka sa ambulan, aka liƙe, shugaba da ma'aji suka sa hannu a bakin, tana cikin akwatin kuɗi. Mai gyara in ya zo a buɗe masa asusu, in ya gama a rufe da umarnin chage -E 0. Sau ɗaya muka yage ambulan, lokacin da ɗayan ya tafi Hajji ɗayar kuma tana jego.

Alhaji Mai Aya:
Ambulan ma mutum ke buɗe ta.

Bafillacen Dakoro:
Ni shawarata a sa sunan uwargida. Ba mai mantawa, ko ya so.

Kanuri Boy:
Bafillace da kalmar sirri? Ai duk taku "nagge123" ce, ko yaro ya sani.

Bafillacen Dakoro:
Ta fi taku, da kuke faɗa wa maƙwabci don ya tuna muku.

Sarkin Waya:
Wani maigidana sunan amarya ya sa, uwargida ta zo biro ta ga sakatare na bugawa. Ranar ba a yi aiki ba.

Injiniya Tsoho:
Ku yi ta dariya. Duk labarin Alhaji ba kalma ta fara shi ba, kuran ne. Da baturi ya riƙe, da na'urar ba ta mutu ba. Tun lokacin da Najeriya ta yanke wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023 na daina ƙirga faifan da suka lalace a hannuna. Kuma ondilar da ake kawo mana yanzu, wato baturin riƙe na'ura in wuta ta tafi, a kwali an rubuta abu ɗaya, a aiki minti biyar ba ta kaiwa.

Maman Biyu:
Wallahi. Tamu wata bakwai ta yi, baturin ya kumbura kamar fanke. Na mayar, mai shagon ya ce zafin Afrilu ne, ba ruwansa. To a Maradi ya sayar mini ko a Faransa?

Ɗan Tasha:
Sola kawai.

Sarkin Waya:
Sola da kuɗin wa? Baturin ma na jabu ya fi yawa, ka ɗaga ka ji ba nauyi.

Baban Nana:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Alhaji, Allah ya mayar maka da ninki. Na cire kalandar dai yau da safe, sai na tarar sakatariya ta riga ta kwafe kalmar a ƙasan tebur ɗinta. Mai gyaran ya sauko 50, amma ya ce sai dai sudo ya zauna wajensa, wai za mu ɓata masa aiki. Saura kwana shida yaron ya tafi. In yarda ko in nemi wani?

Bafillacen Dakoro:
Maman Biyu, baturin nan da ya kumbura, nawa kika saye shi? Nawa ma ya fara wari.