Me ya sa kujera ke sauya ra'ayin mutum game da mulki?

Mai Nazari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mutum yana adawa zai ce a rage wa shugaba ƙarfi, yana hawa kujera sai ka ji yana kukan doka ta ɗaure masa hannu. Munafunci ne tun asali, ko kujerar ce ke sauya shi?

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga giyar mulki, akwai matsalar labari. Na ƙasa dole ya karanci fuskar na sama, tunda albashinsa da ƙarin girmansa na hannunsa. Na sama kuwa babu abin da ke tilasta masa lura da na ƙasa. Ga shi rahoto sai ya bi hannu uku ko huɗu kafin ya iso teburinsa, kowane hannu ya rage masa ɗaci, don mai kawo mummunan labari shi ake fara tsana. Daga nan sai shirun tsoro ya zame masa alamar yarda.

A 2006 Adam Galinsky, masanin halayyar ɗan Adam, da abokan aikinsa a Amurka sun sa mutane rubuta harafin E a goshinsu. Waɗanda aka fara sa su tuna lokacin da suke da iko a kan wani sun ninka sauran kusan sau uku wajen rubuta shi ta fuskar kansu, mai kallo ya gan shi a juye. Ƙaramin gwaji ne dai, kada a ɗora masa kaya da yawa.

Maman Sadik:
Malam, ni lissafi na fi gani. A majalisar dattawan Amurka, a 2013 'yan Democrat suka soke sharaɗin ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara kan yawancin naɗe-naɗen shugaban ƙasa, 'yan Republican suka yi ta kururuwa. A 2017, rinjaye na hannun 'yan Republican, su da kansu suka faɗaɗa abin har kan alƙalan Kotun Ƙoli. Dokar da ke kare marar rinjaye ita ce ke yi wa mai rinjaye tarnaƙi.

Dattijo:
Hajiya, kun manta da na ƙasa. Shi sa hannu kawai yake gani, ba ya ganin kasafi da kotu da masu zuga, sai ya zaci shugaba na da ikon da ba shi da shi. Kuma ba kullum yake ƙin tsarin ba: masana halayyar ɗan Adam John Jost da Mahzarin Banaji sun yi bayani tun 1994 cewa wanda tsari ke dannewa kan kare shi, saboda yarda cewa akwai adalci ta fi sauƙin ɗauka a zuci.

Mai Nazari:
To Baba, wannan na ƙarshen shi ya fi tayar min da hankali.