Notbuk ɗina ya daina magana da kanel, ga gabatarwa ta matso

Zainab_Noma: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Ina digiri na biyu a tattalin arzikin noma, bincikena kan farashin masara da gero ne a manyan kasuwannin hatsi, har da Dawanau. Wasu bayanan ni na bi dillalai na tattara da hannuna, wasu kuma malamina ya ba ni da sharaɗin kada su bar sabar sashenmu. Kwamfutar da nake da ita ta yayana ce, ba ta da ƙarfi, shi ya sa komai a sabar (babbar kwamfutar sashenmu da muke shiga daga nesa) nake yi da Jupyter, manhajar da ake rubuta umarnin Python a gudanar da shi ta burauza, a shafin da ake kira notbuk. Tun satin da ya wuce, notbuk yana buɗewa lafiya, fayilolina duk suna nan, amma da na danna sel (akwatin da ake rubuta umarni a ciki) sai tauraro, alamar ana kan aiki, ya tsaya a gefe. Ko `print(1)` ba ya fitowa. Na sake kunna kanel, wato ɓangaren da ke gudanar da umarnin, shiru. Malamina ya ce ba zai ɗaga min ranar gabatarwa ba, kuma ban gama babi na huɗu ba. Ko barci ba na iya yi.

Injiniya Sani: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, wannan tsohon ciwo ne. Kayan Python ɗinki ne suka saɓa da juna. A 2019 da tornado 6 ya fito (tornado ɗaya ne daga kayan da Jupyter ya dogara da su), haka notbuk ɗin mutane suka sandare sai da aka fitar da Jupyter Notebook 5.7.5. Ki buga `jupyter kernelspec list`, ki buɗe kernel.json, za ki ga yana nuna wani Python da babu shi. Ki goge Anaconda, wato ƙunshin da ke zuwa da Python da Jupyter, ki sa sabo, magana ta ƙare.

Hafsat_Dev: Injiniya, kar a yi saurin gogewa. Zainab, zancen nan zango biyu ne. Burauzarki tana magana da sabar Jupyter ta WebSocket (hanyar sadarwa da ke zama a buɗe, saƙo na kai da komo), ita kuma sabar tana magana da kanel ta ZeroMQ, a kan tashoshi biyar: shell, iopub, stdin, control da heartbeat. Jerin fayiloli kuwa ta HTTP zalla yake zuwa, shi ya sa kike ganinsu alhali sel ba ya amsawa. Da kernel.json ne ya lalace, yawanci saƙon kuskure za ki gani cewa kanel ya kasa tashi. Wane adireshi kike bugawa a burauza?

Zainab_Noma: Anti Hafsat, a baya lambobi nake bugawa da 8888 a ƙarshe. Kwanan nan mai kula da sabar ya ba mu sabon adireshi mai suna, da https. Amma ban ga alaƙarsa da wannan ba, tunda shafin yana buɗewa.

Hafsat_Dev: To ai nan ne wurin dubawa. Alama ce an sa nginx ko makamancinsa a gaba, wato manhajar da ke tsayawa tsakanin burauza da Jupyter tana miƙa saƙo. Idan mai kula da sabar bai saita `proxy_http_version 1.1` ba, bai kuma wuce da Upgrade da Connection ba, WebSocket ba zai ƙullu ba. Ki danna F12, ki shiga Network, ki zaɓi WS, ki sake loda shafin. Layin da ya ƙare da channels ya kamata ya nuna 101, alamar WebSocket ya ƙullu.

Abba Kaduna: Wallahi masu kula da sabar makarantun nan su ne matsalarmu. Namu ya taɓa canza komai ana tsakiyar jarrabawa, ko sanarwa babu, ya kulle ofis ya tafi biki. Ka je ka tambaya a ce maka ka rubuto takarda ta hannun shugaban sashe. Ga wuta da ake ɗaukewa sabar ta mutu da aikinka a ciki, babu mai ba ka haƙuri.

Injiniya Sani: Hafsat, kina sa yarinya a dogon lissafi. Na shekara da shekaru ina gyara irin wannan, kusan duk lokacin sabon shigarwa ne maganinsa. Zainab, yi abin da na ce. In kin ƙi, kwashe komai ki kai Google Colab, inda ake gudanar da notbuk a kwamfutocin Google, ki huta.

Zainab_Noma: Yallaɓai, ni ba ni da izinin goge komai a sabar, mu da yawa muke amfani da ita. Colab kuma na riga na faɗa, amana aka ba ni bayanan nan, ba zan ɗora su a waje ba. Kuma mai kula da sabar mutumin kirki ne, shi ya buɗe min asusu tun farko, ba na son in je masa kamar ina tuhumarsa.

Maman Ilham: Ni dai nawa da ya yi haka, ma'adanar wucin gadi ce ta cika, Linux ya kashe kanel ɗin. A `dmesg` aka gani. Ki rage girman teburin da kike lodawa.

Hafsat_Dev: Maman Ilham, ko `print(1)` fa ba ya tafiya, ba a kai ga loda tebur ba. Zainab, in kina da SSH (hanyar shiga sabar kai tsaye daga nesa), gwada `ssh -L 8888:localhost:8888` ki tsallake nginx ɗin gaba ɗaya. In ya yi aiki, kin san inda matsalar take. Sauran ɗaliban su ma nasu ya tsaya?

Zainab_Noma: Ban tambaye su ba, yawancinsu Excel suke amfani da shi. SSH kuma ba a ba ɗalibai. Na danna F12 ɗin, na ga layi ja yana ta maimaita kansa, amma lambar ba 101 ba ce, 400 ce. Na kira mai kula da sabar, wayarsa a kashe, an ce ya yi tafiya sai Litinin.

Injiniya Sani: 400 ko 500, a sake shigar da Anaconda kawai. Ki ba shi lambata in ya dawo, ni zan yi masa bayani.

Zainab_Noma: Na gode duka. Amma gabatarwar Talata ce. Akwai wanda ya san yadda zan gudanar da notbuk ɗin ba tare da burauza ba, in ba ni da SSH?