Ƙanena mai ciwon damuwa ya fara jin muryoyi, me ke faruwa?

Yayar Gida:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ƙanena shekararsa 19, tun bara likita ya ce ciwon damuwa ne yana shan magani, to yanzu abin ya canja salo, ya daina zuwa makaranta, wanka sai an yi da gaske, dare ba barci, jiya yake ce min wai 'yan unguwa suna zaginsa ta cikin bango, abincin da Umma ta zuba ma ya ƙi ci wai an sa masa wani abu. Su Kawu sun ce aljanu ne a kai shi ruƙiyya. Ni dai wallahi hankalina bai kwanta ba.

Ma'aikacin Jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Keɓewa da rashin barci da ƙin wanka mai damuwa ma yana yi, su kaɗai ba sa nuna komai. Abin da ya tsaya min a rai shi ne jin murya babu mai ita da zargin za a cutar da shi, waɗannan suna cikin alamun farko na sikizofiriniya, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya kasa rarrabe gaskiya da abin da ba gaskiya ba, kuma a maza yawanci a irin shekarun nan nasa take fara bayyana, mata kan ɗan jinkirta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar tana kama kusan mutum 1 cikin 300. Amma fa damuwa in ta yi tsanani ita ma tana kawo muryoyi, haka wiwi, likitan ƙwaƙwalwa ne zai rarrabe. Ku gaya masa tun yaushe aka fara da ko akwai mai irin ciwon a dangi.

Maman Yara:
'Yar uwa addu'a ba ta hana asibiti, a haɗa biyun. Don girman Allah kar a bari a ɗaure shi ko a dake shi. In a Kano kuke akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, Kaduna akwai na ƙwaƙwalwa a Barnawa, Sakkwato kuma a Kware.

Ma'aikacin Jinya:
Ƙari, kar ki yi masa gardama kan muryoyin, shi da gaske yake jinsu, ki ce kin ga a tsorace yake kawai. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. In ya ce eh ku ɗauke fiya-fiya da magunguna daga gidan, kar a bar shi shi kaɗai, ku tafi asibiti a ranar.