Koya wa ɗalibai auna hujja: shawarwarin malamai a Agege

Malaman sakandare da suka tattauna a Agege sun yarda cewa gajeren sharhin jarida ya fi doguwar lacca amfani, muddin batun ya taɓa gidan yaro. Misalinsu shi ne sharhi kan hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 na Legas a Yunin 2022.

A raba aji huɗu-huɗu, a ba su minti 15. Su ja layi ƙarƙashin da'awar marubuci, su zagaye hujjojinsa, su sa alamar tambaya duk inda ya ce "kowa ya sani". In ya ce haɗari ya ragu, su tambaya: daga yaushe zuwa yaushe, kuma wa ya ƙirga?

Inda ake shan wuya shi ne yaron da yayansa ɗan acaɓa ne, domin tun layin farko ya yanke hukunci. A sa shi ya maimaita hujjar marubucin da bakinsa, har mai goyon bayanta ya ce "haka ne", kafin ya soke ta.

Jawabin ɗan siyasa kuwa, a fara ba su shi a rubuce. Tafi da amon murya kan rufe raunin magana.