Wace kalma za mu ba ciwon wuyan da ke sauka a hannu?

Mai gabatar da shirin lafiya, Katsina:
Assalamu alaikum. Malamai da likitocin zauren nan, ina neman sunan Hausa na abin da ake rubuta wa marasa lafiya a kati, wai "sabikal radikulofati". Kafaɗa da dantse ke zugi in an motsa, amma a ce daga wuya ne. In aka ce "ciwon wuya" a rediyo, mai ciwon hannu ba zai san da shi ake ba.

Likitan gashin ƙashi, Ƙofar Ƙaura:
Wa'alaikumus salam. A fara ganin abin tukuna, suna ya biyo baya. Ƙasusuwan wuya 7 ne a jere, da faifan guringuntsi a tsakaninsu, ban da tsakanin na farko da na biyu. Laka ta ratsa ta cikinsu, jijiyoyi 8 na fita ta 'yan kafofi a kowane gefe. In faifai ya ɓullo, ko ƙashi ya yi tsiro saboda shekaru, sai kafar ta tsuke, jijiyar ta matsu. Zafin kuwa can inda jijiyar ta nufa ake jin sa. Ta 5 kafaɗa da dantse, ta 6 babban yatsa da manuniya, ta 7 yatsan tsakiya, ta 8 ƙaramin yatsa. Ta 7 aka fi samu, sai ta 6. Ɗaga kai sama da karkatar da shi ɓangaren mai ciwo na ƙara tsuke kafar, shi ya sa waiwaye a kan babur ke tayar da shi kamar jan lantarki. A kan wannan gwajin Spurling na 1944 ya ginu, wato a karkatar da kai a ɗan danna a ga ko zafin zai sauka a hannu, amma likita ke yin sa, ba a danna kan mutum a gida.

Malamin Hausa, Daura:
Madalla, Dakta. To "sanƙarar wuya" ta fita, kunne zai ji sanƙarau, a tayar wa mutane hankali a banza. "Shaƙewar jijiyar wuya" ma haka, shaƙa da wuya in sun haɗu sai a zaci maganar numfashi ake. Farkon kalmar "radikulofati" daga Latin ne, ma'anarsa saiwa. Me zai hana "ciwon saiwar jijiya"?

Ma'aikaciyar jinya, Katsina:
Allah ya gafarta Malam, ka ce saiwa a ɗakin jinya, a tambaye ka ta wane icce za a jiƙa. Ni "amosanin wuya" na fi ji a bakin tsofaffi.

Likitan gashin ƙashi:
Hajiya, amosanin wuya mu bar wa zaizayewar ƙashi da faifai, wato sifondilosis. Tsofaffi da yawa hoto na nuna ta, ba su jin komai a hannu. Ita ce kan jawo matsewar, amma ba abu ɗaya ba ne.

Malamin Hausa:
Matsalar tana ga "jijiya". Ta jini jijiya ce, agara ma wasu jijiya suke ce mata. Tun da daga laka suke tsirowa, mu ce reshen laka. Sunan ya zama "matsewar reshen laka a wuya".

Likitan gashin ƙashi:
Wannan ta zauna, har ta ba mu riba: in lakar ce da kanta ta matsu, sai mu ce "matsewar laka", kuma ita ce mai hatsari. Maɓallin riga ya gagari yatsu, cokali na suɓucewa, tafiya da tangaɗi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan asibiti ne ba jira. Ta reshe kuwa mafi yawa kan lafa cikin mako 6 zuwa 12 ba tiyata, da maganin zafi da atisayen da aka koyar, da ajiye ɗaukar kaya a ka, komai kaurin gammo. Kada a bari maɗori ya murɗe wuyan.

A shirin kuma ki raba musu da ciwon kafaɗa na ainihi. Shi yana tashi ne in an ɗaga hannu gefe, wajen digiri 60 zuwa 120, yana hana kwanciya a kan ɓarin, kuma da wuya ya wuce gwiwar hannu. Na wuya kan kai har yatsu da sagewa, kuma sau da yawa in mutum ya ɗora tafin hannunsa a kan kai sai ya ji sauƙi, don jijiyar ta saki.

Ma'aikaciyar jinya:
A ƙara da hannun hagu: in ya zo da nauyin ƙirji da gumi da haki, a fara duba zuciya. Sunan dai ya yi mini tsawo, Malam. A kati zan rubuta shi cikakke, a baki "matsewar reshen wuya" zan riƙa cewa.

Malamin Hausa:
Wuya ba shi da reshe, Hajiya, laka ce mai shi. In za a gutsure, a yar da "a wuya", a bar "matsewar reshen laka". Ranar da aka zo kan na ƙugu mai sauka a ƙafa, sai a ce "a ƙugu".