Kwana a tanti cikin kwazazzabon Korouoma a watan Fabrairu: kayanmu sun isa?

Baƙon_Oulu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu biyu ne, muna son mu yi kwana biyu a tanti a kwazazzabon Korouoma da ke Posio, arewacin Finlan, a tsakiyar Fabrairu. Muna da tanti na hunturu, jakar barci da aka rubuta -18 a jikinta, katifar hurawa, da risho na gas. Mun ɗauka sanyin zai tsaya wajen digiri -15 a ma'aunin Celsius. A ina ya fi dacewa mu kafa tanti? Kayan nan sun isa? Kuma yaya ake yi da ruwan sha da na alwala?

Mai_Ahkio

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Fara cire -15 ɗin nan daga ranka. Korouoma rami ne mai tsawon kusan kilomita 30, zurfinsa ya kai mita 130 a wasu wurare, kogin Korojoki na bi ta ƙasansa. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka daren da gari ya yi garau babu gajimare babu iska, sai ta gangaro ta taru a ƙasan kwarin kamar ruwa a kwano. Ana iya samun bambancin digiri 5 zuwa 10 tsakanin wurin ajiye mota na Saukkovaara da bakin kogin. Ku yi shirin -30. Kada ka ga kamar na cika baki, a Janairun 1999 an auna -51.5 a Kittilä, nan arewacin Finlan.

Wurin tanti: kusa da wuraren hutawa da hukumar kula da dazuzzuka ta Metsähallitus ta tanada, inda akwai rumfar katako da murhu, domin a nan kaɗai aka yarda a hura wuta. Amma kada ku sauka can gindin kwarin daf da ruwa. Ko tudu na mita 5 kuka samu ya fi. Bakin kogi akwai raɓa, ita ce ke daskarewa a jikin tanti da jakar barci. Kuma ku nisanci gindin duwatsun da ruwa ya daskare a jikinsu, waɗanda masu hawan ƙanƙara ke zuwa dominsu. Guntun ƙanƙara yakan ɓalle daga sama ba sallama.

Kada ku taka kogin ko da kun ga ya rufe. Ruwa mai gudu yana cin ƙanƙara ta ƙasa, dusar ƙanƙara kuma ta lulluɓe ta hana ta kauri.

Wajen kafawa, ku tattake dusar da takalmin dusa mai faɗi har ta kwanta, wurin ya fi tantin faɗi da mita ɗaya kowane gefe, sannan ku bar ta minti 30 zuwa awa ɗaya ta ƙame. Wanda ya yi gaggawa ya shimfiɗa nan take, gwiwarsa za ta yi ramuka, ramukan su daskare, ya kwana a kan tudu da kwari. Turakun bazara ba sa riƙe dusa. A ɗaura igiya a tsakiyar turke mai faɗi ko guntun busasshen icce, a binne shi a kwance kamar santimita 30, a tattake. A zauren tantin ku haƙa rami zurfin gwiwa, ku riƙa zama kuna zura ƙafa wajen sa takalmi. Rana a lokacin wajen awa 8 ce kawai, kuma cikin kwari duhu na riga shiga. Ku fara aikin nan da ƙarfe 2 na rana.

Yaya_Rovaniemi

Ƙanena, jakar barcin nan ita ta fi damuna. Duba jikinta da kyau, lamba uku ake rubutawa. Ta farko ita ce sanyin da ake barci cikin daɗi, ta biyu iyakar da mutum zai jure a dunƙule, ta uku kuwa ta tsira da rai ce kawai. Masu sayarwa sun fi son nuna ta biyu. In -18 ɗinka ta biyu ce, to jakar ta wajen -10 ce a gaskiya. Ko ku yi hayar ta -30, ko ku zura wadda kuke da ita cikin wata mai faɗi ta zaren roba. Dabarar jaka biyu tana da wani amfani: tururin jiki yakan wuce ya daskare a ta waje, gashin tsuntsun da ke ta ciki ya zauna a bushe.

Katifar hurawa ita kaɗai ba ta isa ba. Ƙasa ta fi iska satar ɗumin jiki. A nemi lambar R, wato ma'aunin yadda katifa ke tare sanyin ƙasa, ta kai 5 ko fiye, kuma lambobin haɗuwa suke yi, saboda haka a sa tabarmar soso a ƙasa, ta hurawa a sama. In ta hurawar ta huje da tsakar dare, soson ne zai cece ka. A hura da jakar famfo, ba da baki ba, don kada danshin numfashi ya shiga.

Babban abokin gaba shi ne jiƙewa, kuma yawanci daga zufarka take fitowa. Gangaren Saukkovaara yana da tsayi da santsi, ga jan ahkio, wato kwale-kwalen robar da ake ɗora kaya. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, in ka tsaya ka ɗora babbar rigar nan take. Auduga ko singileti kada ta shiga jikinka, ulu kawai. Safa ta barci daban, ba a tafiya da ita. Kada ka cusa hanci cikin jaka, numfashin dare ɗaya ya isa ya jiƙa ta. Tagogin iska na tanti a bar su a buɗe komai sanyi.

Ka lura da yatsu da hanci da kunne. A baƙar fata, wurin da sanyi ya fara ci ba lalle ya yi fari ba, yakan yi toka-toka, ya yi tauri, ya daina jin taɓi. Ku riƙa duba fuskar juna. Kada a murza, kada a kara a wuta. A sa yatsu a hammata. In ya daskare sosai, ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 ake sa shi, shi ma sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba. Wanda ya fara rawar ɗari ba ƙaƙƙautawa, magana na karkacewa, ya kasa jan zif, tafiya ta ƙare. Ku kira 112, lambar agajin gaggawa. Ku sauke manhajar 112 Suomi tun daga gida, amma ku sani sabis yakan yanke a ƙasan kwari, sai an hau sama.

Injiniya_Kemi

Malam, rishon gas ɗin zai ba ka kunya. Cikin ire-iren gas ɗin da ake zubawa a gwangwani, butan yana daina zama iska a wajen sifili, isobutan a -12, furofan ne kaɗai ke kai -42. A gwangwanin da aka gauraya su, furofan ke fara ƙonewa, sai a bar ka da rabin gwangwani yana motsi amma babu wuta. Ka nemi risho mai famfo da ke cin farin fetur na risho. Lissafi: mililita 250 kowane mutum kowace rana in ana narkar da dusa. Ku biyu kwana biyu lita 1 ke nan, ku ƙara rabin lita. A aza shi a kan ɗan faranti na katako, in ba haka ba zai narka dusa ya karkace da tukunya. Kada fetur ya taɓa fata, a irin wannan sanyi nan take yake daskarar da ita.

Narkar da dusa: zuba ruwa kamar kofi ɗaya a tukunya tukuna, sannan ka riƙa ƙara dusa kaɗan-kaɗan. Busasshiyar dusa a tukunya mai zafi ƙona gindin take yi, ruwan ya yi ƙauri. Kowa na bukatar lita 3 zuwa 4 a rana, a tafasa. Gora mai faɗin baki a ajiye ta a kife, ƙanƙara daga sama take farawa. Da dare a cika ɗaya da ruwan zafi, a rufe gam, a sa cikin safa, a kwana da ita tsakanin cinyoyi. Waya da batir su ma cikin jaka.

Girki kuwa a waje. Iskar gubar nan da ke kashe mutanen da suka kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki, ita ce dai risho ke fitarwa, kuma ba ta da wari.

Mai_Ahkio

Injiniya, gas ba a yar da shi gaba ɗaya ba. Risho mai tiyo da ake kifa gwangwaninsa yana aiki a sanyi sosai, in dai yana da bututun da ke bi ta gefen wuta. Amma wanda ake ɗaurawa a kan gwangwani kai tsaye, na yarda, a bar shi gida.

Batun alwala da ba a taɓo ba: a yi ta da ruwan ɗumi na fulas, a goge nan da nan, a mayar da safar hannu. In sanyi ya kai ana tsoron cutuwa, malamanmu sun yarda da taimama. Ku sa ɗan dutse a aljihu, domin a can komai dusa ta binne. Ku yi daren gwaji ɗaya kusa da mota kafin ku shiga ciki, kuma ku bar wa wani a gari sunan wurin da za ku kwana da lokacin fitowarku.

Baƙon_Oulu

Na duba, -18 ɗin lamba ta biyu ce. Za mu yi hayar jaka da risho mai famfo, daren farko kuma kusa da Saukkovaara. Allah ya saka da alheri.